Musayar Waƙa Kan Zélie, Inan da Amari

Bazazzagiya:

Assalamu alaikum. Na kammala karanta Children of Blood and Bone, littafin almara na matasa wanda Tomi Adeyemi, Ba'amurkiya 'yar asalin ƙasar Yarabawa, ta fitar a 2018, kuma soyayyar da ke cikinsa ta tsaya mini a rai. Duk mai amsawa ya riƙe amsa-amon "ya", sannan wanda bai karanta ba ya sani cewa za mu taɓo ƙarshen labarin.

Da sunan Allah nake buɗe wannan zance,
Ina roƙon Ya tsare harshena daga ƙarya.

A ƙasar Orïsha, Sarki Saran ya tashi dare guda,
Ya sa aka hallaka masu sihiri baki ɗaya.

Zélie tana ƙarama ta ga gawar uwarta a rataye,
Ta girma da farin gashi, alamar jinin masu sihiri, wanda ya jawo mata wariya.

Bayan shekara 11 ta fita neman maido da sihirin,
Yarima Inan, ɗan sarkin, yana farautarta a baya.

Zuwansa ne ya jawo gobarar da ta cinye Ilorin, garin su Zélie,
Sai kuma cikin 'yan makonni aka ce mini sun faɗa soyayya.

Ban hana mace yafiya ba, ban hana maƙiyi tuba ba,
Amma wane aiki ya yi da zai wanke mata zuciya?

Bakano:

Ƙanwata, ƙorafinki yana da hujja, ban musa ba,
Sai dai kin yanke wa yaron hukunci ba tare da tambaya.

An rene shi a kan cewa sihiri annoba ne ga ƙasa,
Sai ga farin gashi a kansa, yana ɓoye shi cikin tsoro da kunya.

Baiwarsa ita ce shiga zukatan mutane da mafarkinsu,
Ta nan ya ga daren kisan uwarta, ya ɗanɗani irin wuyar da ta sha tun tana yarinya.

Wanda ya ji zafin wani a cikin nasa ƙirjin
Ba ya bukatar shekara kafin ra'ayinsa ya juya.

Kuma wane ɗa ne cikinmu, idan mahaifi ya daka tsawa,
Zai iya zare wuyansa rana guda daga biyayya?

Bazazzagiya:

Yaya, mafarkin nan da kake kafa hujja da shi ne na fi ƙi,
Domin da shi marubuciya ta yi yanke, ta gaji da doguwar hanya.

Ya san ciwon Zélie ba tare da ta buɗe masa baki ba,
Alhali sirrin mace sai da yardarta yake zama ajiya.

Haka Edward na littafin Twilight, wanda ya fito a 2005,
Yake shiga ɗakin Bella tana barci, masu karatu suna kiran abin kariya.

Bayan duk abin da Inan ya gani, wurin ubansa ya koma,
Har baban Zélie ya faɗi a gabanta da kibiya.

Idan tausayi bai hana mutum kai ka ga halaka ba,
To ni dai ban san sunan da zan ba shi ba, ban da yaudara da tsiya.

Goggon Damagaram:

'Ya'yana, na karanta littattafan soyayya na Kano tun ana ba da su haya,
Kuma na ga kun tsaya kan yarima kun bar gimbiya.

Amari, ƙanwar Inan, tana laɓe ta ga ubanta ya soke Binta da takobi,
Hadimarta ce a idon fada, amma ita kaɗai ce ƙawarta a duniya.

Jiki na rawa ta ɗauke takardar da ke maido da sihiri ta gudu daga Legas,
Zélie ta karɓe ta da harara, tana yi mata kallon 'yar maƙiya.

Ba wanda ya shiga mafarkin wani a tsakanin waɗannan biyu,
Adon kanta Amari ta sayar domin a sami guzurin tafiya.

A filin yaƙin Ibeji ta zare takobin da take tsoro,
Daga nan hararar ta fara raguwa, babi bayan babi, har ta zama tarayya.

Ita da Inan gida ɗaya suka tashi, uba ɗaya ya tsorata su,
Amma ita ce ta fuskance shi a ƙarshe, hannunta bai ja da baya.

Bakano:

Goggo, na sallama a kan Amari, Allah Ya ƙara girma,
Amma babin Inan nake komawa, don a nan na ga mutum mai rauni da jayayya.

Murya uku ce ke ba da labarin, kuma da an cire tasa,
Da fadar Saran ta zama gidan dodo irin na tatsuniya.

Bazazzagiya:

Yaya, a bar shi cikin littafin, ban ce a cire muryarsa ba,
Matsayin masoyi ne kawai nake cewa bai biya.

Tzain, yayan Zélie, ya fusata da ya ga tana kusantarsa,
Kuma da ni ce ƙanwar taka, na san kai ma da tuni ka tare hanya.