Musayar Waƙa: Ruwa-biyu Ne Ko Wasan Haske?

Na-Arizona: Salamu alaikum. Yau kan hamingbad za mu kara, ɗan tsuntsun nahiyar Amurka mai shan ruwan fure yana tsaye a iska. Wani namiji ke zuwa kwalbar ruwan sukarina, na rasa gidan da zan saka shi.

Jinsin Anna, kai da wuya ja ne,
Na Kosta shuni, gashin wuyansa zaƙo-zaƙo ne,
Wannan baƙon nawa tsakiyarsu ne,
Ruwa-biyu na ce, wa zai musa?

Gwaggo Mai Tabarau:
Ni zan musa, ɗan nan, ka bar gaggawa,
Wuyansa ba a marina aka yo rinawa,
Haske ke bugun gashi yana dawowa,
Ya karkata kai, ja ya zam gawayi.
Da hoto ɗaya za ka yanke hukunci?

Ɗan Liti: Gwaggo ikon Allah! Mutumin da bai gama sanin sha-kaucin garinsu ba, shi ne zai raba mana gardamar tsuntsayen Amurka?

Na-Arizona: Ɗan Liti, ka kawo baiti ko ka koma 'yan kallo.

Gwaggo, tabaranki ya sha ƙura,
Ba ido kaɗai ba, da kunne nake lura,
In ya hau sama ya sulalo da ƙara,
Gashin wutsiya ke kuka, ba baki ba.
Na Anna "ƙit" guda, ya wuce abinsa,
Na Kosta dogon fito ne, ka san shi da kansa,
Nawa ya soma fito ya yanke numfashinsa,
To wannan ma hasken rana ne?

Gwaggo Mai Tabarau:
Kunnen da bai jin kiran sallar asuba,
Shi ne zai auna fito ba tare da na'ura ba?
Ɗauko sautin, baje wutsiyar a duba,
Sannan ka zo, tabarau na nan a goge.

Malam Aruli: Ku yi haƙuri. Na-Arizona, "ne, ne, ne" ba amsa-amo ba ne, lalaci ne. Ɗangonka na biyu kuwa ya ɗara 'yan'uwansa da gaɓoɓi, a ma'aunin waƙa bai hau karin Mutadarik ba, bai hau na Ramal ba. Hajiya, ɗangonki na biyar daga ina? An soma da ƙwar huɗu.

Ɗan Liti: Malam, a bar Gwaggo. Gyara ta ba mu.

Baƙon Dare: Sai yanzu na samu intanet. Ku duka biyun ku ji.

A Bogota ta Kolombiya, 1909, an sayi fatar hamingbad guda,
A 1993 aka ce sabon jinsi ne, aka raɗa,
Masana da ita a hannu, ba a reshe ba, sun yarda,
Gwajin ƙwayar halitta a 2018 ya ce ruwa-biyu.
A dajin Peru kuma, uwa da uba wuya ruwan hoda,
Ɗan ya fito da na zinariya, kowa ya ruɗa,
To ina "tsakiyarsu" da kake ta faɗa?
Barbarar yanyawa ba dole ta raba daidai ba.

Na-Arizona: Ai wannan ni ka goya wa baya. Ruwa-biyun akwai su.

Gwaggo Mai Tabarau: Akwai su, wa ya ce babu? Naka ne ba mu shaida ba. Kuma namiji ke nan, mai ado. Ranar da mace ta zo maka, kore a baya fari-fari a ciki, za mu ga ƙarshen baki.

Malam Aruli: Baƙon Dare, yaya ake rera 1993? Na ƙirga: dubu ɗaya da ɗari tara da casa'in da uku. Lambar kaɗai ta cinye ɗango, ta ciji na ƙasa.

Baƙon Dare:
Malam mai awon gaɓa da tsinke,
Kullum gyara, naka baitin na rataye,
Kawo guda mu ga ko shi a miƙe yake.

Malam Aruli: "Tsinke", "rataye", "yake". Kuma ɗango uku. Ina na huɗun?