Neman shawara: na ci rabin kwas ɗin gama-gari, in ƙarasa ko in sauya?

Ƴar Bronx: Assalamu alaikum ƴan uwa. Ina wata ƙaramar kwalejin shekara biyu ta CUNY, wato jami'ar birnin New York, kwas ɗin gama-gari da suke kira Liberal Arts. Kawuna ne ya zaɓa min da na iso, wai ya fi sauƙin shiga, kuma a gidansa nake, ina taya matarsa kitso a shago Asabar da Lahadi, to da wane baki zan musa? Kiredit 33 gare ni cikin 60 da ake buƙata don gama kwas ɗin, na janye daga darasi biyu a zangon da ya wuce. Kullum Mama sai ta kira ta ce wane aiki ake samu da wannan karatu. Wallahi barci ya ƙaurace min.

Baban Khalifa: Wa alaikumus salam. Ƴata, ba ki faɗa mana da me kike biyan kuɗin makaranta ba. In tallafin Pell ne, wato kuɗin karatu da gwamnatin tarayyar Amurka ke bayarwa, zango 12 cikakku ake ba mutum duk rayuwarsa, har da na digiri. Sharaɗinsa: matsakaicin makinki kada ya gaza 2.0 cikin 4.0, ki ci aƙalla kashi 67 cikin ɗari na abin da kika yi rajista, kada kuma ki haura kiredit 90 a kwas mai 60. Darasin da kika janye ana lissafa shi. In kowanne kiredit uku ne, 39 kika ɗauka kika ci 33, da sauranki, amma kada ki ƙara. Ki ƙarasa. Wanda ya gama ya koma Lehman ko Hunter, kwalejojin CUNY na shekara huɗu, 60 ɗinsa za a karɓa, darussan wajibi na bai-ɗaya na CUNY da ake kira Pathways masu kiredit 30 sun wuce, ƙarin 6 kawai za su nema. Wanda ya tafi bai gama ba, da kiredit sama da 30 kamar ke, 9 ne.

Anti Nas: Ban yarda ba, Alhaji. Takardar nan ita kaɗai ba ta ciyar da kowa. Gara ta koma karatun jinya. Yaranmu ana tura su wannan kwas ne don ba mai zama da su ya yi musu bayani, iyaye kuma sai alfahari a waya.

Baban Khalifa: Hajiya, jinya ba a sauya mata da cike takarda. Sai ta ci darussan share fage, irin su ilimin sassan jiki da Turanci, sannan a jera maki a ɗebi na sama, gurbin kaɗan ne. Mai samun C da wuya. Abin yi shi ne ta fara zaɓar digirin da za ta je, ta duba sharuɗɗansa, sannan ta cike sauran kiredit 27 ɗinta da su. Karɓar kiredit daban, ƙirga shi cikin fannin daban. Nan ake asarar shekara guda.

Ƴar Bronx: Anti, jini nake tsoro. Kuma janyewar ba sakaci ba ne, darasin ƙarfe takwas na safe ne, ni nake kai yara makaranta. Ina son tarihi da rubutu sosai.

Ɗan Zongo: To koyarwa fa, ƙanwata? Ki kuma tambayi shirin ASAP na tallafa wa ɗaliban CUNY, suna ba da katin jirgin ƙasa da kuɗin littafi, sai dai akwai iyakar kiredit ɗin shiga, ki bincika gobe.

Anti Nas: Haya ba ta jiran digiri.

Baban Khalifa: Har yanzu ba ki ce Pell ne ko aljihu ba.

Ƴar Bronx: Kawu ne ke riƙe da takardun, Baba. Kuma Juma'a ake rufe rajista.