Waɗanda suka taɓa sauka Hawan Kibo da keke, ku zo mu ji

Ɗan Fagge: Assalamu alaikum jama'a. Ni da abokina muna shirin ɗora kekunanmu a mota daga Kano zuwa Jos a watan Disamba. Daga can mu taka, mu sauka Hawan Kibo, dogon gangaren nan da ke kan hanyar, har zuwa Assop, inda ruwan nan yake zubowa daga kan dutse, mu kafa tanti mu kwana, washegari mu juyo. An ce kilomita 60 ne da 'yan kai. Don Allah wanda ya taɓa bin hanyar da keke ya faɗa mana abin da ya gani da idonsa.

Na Bukuru: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, tazarar ba ita ce abin dubawa ba. Ni na bi ta da sanyin safiya. Daga Jos zuwa Bukuru har Mararrabar Jama'a babu abin da zai dame ka sai cunkoson motoci da 'yan Keke Napep. Kana karya kwana ka ɗauki hanyar Riyom, sai ƙasa ta buɗe: ciyawa ta bushe ta yi ja, gonaki an kewaye su da shingen ƙerana, ga duwatsu an jibga wani kan wani. Dutsen Riyom daga bakin titi za ka hango shi, shi ne wanda ake cewa ya yi kama da taswirar jihar Filato. Amma iska fa! Jos tana kan tudu mai tsayin mita 1,200 ko fiye, kuma babu abin da ke tare jaura a filin nan. Wani wurin titi a miƙe yake, kana takawa da ƙarfinka, keken yana tafiyar hawainiya.

Baba Mai Raleigh: Yaro, maganar birki zan yi maka, saura kuma wasu su faɗa. Lokacin ina da ƙarfi na sha sauka gangaren nan da kaya a kariya. Duk wanda ya danne birki ya riƙe tun daga sama har ƙasa, ƙarfen taya zai yi zafin da ba ya taɓuwa, roba ta fara wari, wani lokaci tif ya fashe. Ana dannawa ne a saki, a danna a saki, gaba da baya tare. In ka ji hannunka ya fara sagewa, ka nemi inda gefen titi ya yi faɗi ka tsaya, ka taɓa ƙarfen da bayan hannu. Sannan kunnenka ya kasance a baya. Tirelar da birkinta ya tsinke a Hawan Kibo ba ta yin sallama, kuma duk ɗan Filato ya san irin rayukan da wurin ya ci. Kada ka sa abin jin waƙa a kunne. Ka canza robar birki kafin ka baro Kano, ka riƙo wata a jaka, da sholisho da faci da famfo.

Maman Ɗan Auta: Ni ban taɓa hawa keke zuwa ko'ina ba, amma a yankin na girma, kuma ƙanena yana irin wannan yawo. Abin da ya fi ba shi wuya sanyin dare ne. Ya tafi da bargo ɗaya irin na mutanen Kano (ku yi haƙuri), ya dawo yana cewa da asuba kasa ɗaure igiyar takalmi ya yi, yatsu sun ƙi lanƙwasuwa. A Disamba da Janairu sanyin saman tudu yakan sauka wajen digiri 10 da dare. Ku shimfiɗa abu mai kauri a ƙasa, don ta nan sanyin yake shiga jiki. Sannan in kun ga wani tafki mai kyau shuɗi a wajen Bukuru, kada zufa ta ruɗe ku ku ce za ku yi wanka. Ramukan haƙar kuza ne tun zamanin Turawa, bakinsu a tsaye yake, zurfinsu ya wuce yadda ake zato.

Na Bukuru: Hajiya ta faɗi gaskiya kan tafkunan. Sai dai ƙasan Hawan Kibo bai kai sama sanyi ba. Kana gangarawa kana jin iska tana ɗumi, bishiyoyi suna ƙara yawa, kafin ka isa Assop ka cire rigar sanyi.

Malamin Firamare: Ni inda na saɓa da ku shi ne maganar tanti a daji. Ƙananan hukumomin Riyom da Barikin Ladi sun daɗe suna fama da rikici da hare-haren dare, kowa a ɗar-ɗar yake. Baƙi biyu su kafa tanti a bayan gari, su kunna tocila, ba wanda ya san da zuwansu? Ko 'yan sintiri kaɗai sun ishe ku tashin hankali. Mu da muka je, tun la'asar muka nemi mai unguwa, muka gaishe shi, muka nuna katin shaida. Ya sa wani saurayi ya kai mu harabar wata makaranta, a nan muka kafa. Bayan magariba sai ga yarinya da kwanon gwaten acca mai zafi, da yakuwa da gauta a ciki, ta ce in ji mamanta. Taliyar da muka ɗauko ko buɗe ta ba mu yi ba. Hausa ta wadatar a duk ƙauyukan, amma gaisuwa ɗaya da yaren Berom na mutanen yankin tana sa fuska ta saki. Kafin ku taso kuma ku kira wani mazaunin yankin ku ji yadda gari yake a makon, in ya ce ku dakata, ku dakata.

Ɗan Fagge: Allah ya saka da alheri. Baba, dawowar fa? Ana iya hawan da kaya?

Baba Mai Raleigh: Ana iyawa in keken mai giya ne kuma kun tashi da an sallame asuba, kafin rana ta buɗe. Nawa ba shi da giya, turawa nake yi, ba kuma kunya a ciki. Ku cika gorunan ruwa tun daga ƙasa. In gwiwa ta ƙi, masu akori-kura da ke ɗauko kayan gwari suna ɗora keke, ku dai yi ciniki kafin a ɗaure shi.