An kira jakada gida: in biya kuɗin makaranta ko in dakata?

Baban Ummi: Assalamu alaikum. Ɗana ya samu gurbin karatu a waje, wa'adin biyan kuɗi ƙarshen watan nan. Jiya sai ga labari wai ƙasar da makarantar take ta kira jakadanta gida domin tuntuɓa. Shi ne yanke hulɗar jakadanci? In biya ko in dakata?

Maman Hanif: Kada ka biya! A 2017 ina aiki a Doha, maigidana yana Dubai. Ran 5 ga Yuni muka wayi gari Saudiyya, Daular Larabawa, Bahrain da Masar sun yanke hulɗa da Qatar, jirage suka tsaya cak. Tafiyar awa guda ta koma yini, sai an zagaya ta Muscat, babban birnin Oman. Yana kwance a asibiti, ni ina kan bencin filin jirgi da jaka a cinya, waya na ringi ina tsoron ɗauka. Haka muka zauna har Janairun 2021. Tikiti kuwa ninkawa ya yi.

Direba: Hajiya, ni ma ta Muscat na riƙa bi, ƙarin bai kai rabi ba.

Maman Hanif: A satin farko ka saya, ko bayan ƙura ta lafa?

Tsohon Malami: Allah ya ƙara wa maigida lafiya, Hajiya, amma naki yankewa ne. Kiran jakada nuna fushi ne, ofishin jakadancin na nan a buɗe, mataimaki ke riƙewa. Ko an yanke ma, yarjejeniyar Vienna ta 1963 ta ce wannan kaɗai ba ya rufe ƙaramin ofishin jakadanci. Aljeriya ta yanke da Maroko a 2021, ƙananan ofisoshin suka ci gaba da aiki.

Maman Hanif: Malam, kai a littafi ka karanta, ni a jikina na ji. A 2018 ba jakadan Kanada Saudiyya ta kora ba, ta kuma kira ɗalibanta gida?

Auta: Ni ma uwargida ta koma gidansu domin tuntuɓa, yau wata biyu.

Tsohon Malami: Auta, kai sai biko. Baban Ummi, tambayi makarantar a rubuce ko suna mayar da kuɗi idan biza ta ƙi fitowa.

Direba: Ofishin da ke buɗen ma me yake tsinana wa mutane? Fasfona ya ƙare, watanni ina bugawa, ba mai ɗauka.

Baban Ummi: To jama'a, in biya?

Direba: Da na je da ƙafata kuma, mai gadi ya ce in koma in cike a intanet.