Wa 'yan sanda suka taɓa ƙwanƙwasa wa ƙofa saboda hayaniyar taro?

Sakataren ƙungiya:

Assalamu alaikum jama'a. Sallah ta gabato, kuma ƙannenmu da suka zo karatu bana sun fara shawarar haɗuwa a gidan ɗayansu, a gasa nama a saka waƙoƙin gida har dare. Na ce su dakata tukuna in tambayi waɗanda suka riga su zuwa. Duk wanda 'yan sanda ko ma'aikatan ƙaramar hukuma suka taɓa zuwa ƙofarsa saboda hayaniya, a Amurka ne ko Ingila ko ina ma, ya ba mu labari: wa aka rubuta wa takarda, nawa aka biya, me ya biyo baya. Abin da ya same ka muke so, ban da ji-ta-ji-ta.

Bakatsinen Tuson:

Wa'alaikumus salam Sakatare. Ni kam an taɓa manna min jar takarda, kuma duk wanda ya yi karatu a Tuson ta jihar Arizona ya san abin da hakan ke nufi. Abokinmu ne ya kammala digiri na biyu muka yi masa walima a gidan da muke haya mu uku. Babu giya, babu komai, shinkafa ce da kaza da zoɓo. Amma jama'a sun cika falo sun malala tsakar gida, motoci sun jeru har ƙofar maƙwabta, ga mu da magana kamar ana faɗa alhali hira ce.

Dokar garin ba ta tambayar me kuke sha. Mutum biyar zuwa sama, in har taronsu ya hana maƙwabta sakat, ya zama taron da ya wuce iyaka. Tarar dala 500 ce. Abin da ya fi tarar ciwo shi ne takardar: jan kwali ne ake mannawa a gaban gida inda kowa zai gani, ya zauna kwana 180, kuma ɓamɓare shi wani laifin ne na daban. In aka sake kama taro a gidan cikin wannan wa'adi tara ta ƙaru, har mai gidan ana iya haɗawa. Wata shida duk wanda ya zo wucewa sai ya kalli ƙofarmu, mu da ko sigari babu mai sha.

Sunana ne ya hau takardar domin ni na fito na ce ni ne mai wurin. Wanda aka yi walimar dominsa washegari ya hau jirgi.

'Yar Zazzau:

Yaya Bakatsine, sauran biyun sun taya ka biya ko sun noƙe?

Bakatsinen Tuson:

Ɗaya ya ba da nasa kason ba musu. Ɗayan ya ce ai shi yana ɗaki yana karatu lokacin. Tsuntsun da ya ja ruwa dai shi ruwa kan doka.

Ɗan Maraɗi a Liyon:

Mu nan Faransa kuɗin bai kai naku ba amma abin ya fi saurin zuwa. Daren 11 ga Fabrairun 2024, wasan ƙarshe na kofin Afirka, Najeriya da Kodebuwa. A nan ƙarfe 9 na dare aka take. Ɗakina ne mai babbar talabijin, sai aka taru, 'yan Nijar da 'yan Najeriya da abokan karatunmu 'yan Abijan. Da Troost-Ekong ya ci ta farko 'yan Najeriya suka yi tsalle, tsohuwar da ke ƙasa da mu ta bugo silin da sanda. Muka yi shiru na ɗan lokaci. Da Kessié ya rama, sannan Haller ya ƙara ta biyu ana dab da tashi, babu wanda ya iya riƙe 'yan Abijan. Tukwanena suka ɗauka suna kiɗa.

'Yan sanda biyu suka zo, ba su ma shiga ba. Sun ji da kunnensu tun daga matakala, kuma dokar hayaniyar dare ba ta buƙatar a auna da na'ura. Yuro 68 idan ka biya cikin kwana 45, in ka yi sake ya koma 180. Ni da ƙasata ba ta ma je gasar ba, ni na biya. 'Yan Najeriya an ci su sun tafi gida rai a ɓace, 'yan Abijan sun wuce tsakiyar gari sun ci gaba da murnarsu.

Maman Biyu:

Ku yi haƙuri 'ya'yana, ni daga ɗaya ɓangaren nake. Ni ce mai bugawa 'yan sanda waya, kuma ba na jin kunyar faɗa. Aikin jinya nake yi a Kolorado, ƙarfe 7 na safe nake karɓar marasa lafiya. Gidan da ke jikin nawa ɗalibai ake ba haya, duk shekara sababbin fuska. Kowane rukuni sai ya ce ai sau ɗaya ne kawai, bikin ƙarshen jarrabawa ne. Su sau ɗaya ne, ni kuma duk shekara ce, ga yara masu tashi makaranta.

Na gwada zuwa da kaina. Mace da hijabi ƙarfe 1 na dare tana buga ƙofar samari da suka sha suka yi tatul, wa zai ba 'yarsa wannan shawara? Tun daga nan na daina. Kuma ku sani ba waƙar ce ta fi damun maƙwabci ba. Dukan nan na ƙasa-ƙasa da ke ratsa bango shi ne bala'in, sai kuma lokacin watsewa: buga ƙofofin mota, sallama ta rabin awa a bakin titi. Wannan ta ƙarshen kuwa mu Hausawa mun fi kowa iya ta.

Akwai yara 'yan Sudan da suka taɓa zama gidan. Ranar da za su yi taro suka aiko min da faranti da lambar waya a takarda, suka ce in ya yi yawa in kira su. Na kira sau ɗaya wajen sha biyu, suka rage. Ba a kai ga hukuma ba.

Malamin Gona:

Anti ta faɗi gaskiya, kuma tunda ta ambaci Kolorado bari in ƙara. A Fort Collins na yi karatu. Tun 2009 gari da jami'a suka haɗa wani tsari na rajistar taro. Kafin ranar za ka je ofishin da ke kula da ɗalibai mazauna cikin gari ka rubuta adireshi da lambar wayarka. In maƙwabci ya kai ƙara, maimakon a turo mota sai a kira ka a waya a ba ka minti 20 ka sallami jama'a. In ka yi, magana ta mutu, babu tara.

Da farko mutanenmu sun ƙi, wai yaya za ka kai kanka wurin hukuma ka ce ga inda za a yi hayaniya. Mun gwada lokacin sunan ɗan wani abokinmu. Kiran ya zo kuwa, ana tsakiyar rabon nama. Abin da ba a faɗa maka shi ne minti 20 ba ta isar Bahaushe ya nemo takalminsa ya yi ban kwana. Sai da muka riƙa tura mutane mota da faranti a hannu. Kuma minti 20 ɗin ta watsewa ce, ba ta rage sauti a ci gaba ba. In ƙara ta biyu ta shigo, to su da kansu za ka gani.

Ba Na Son Suna:

Ni labarina ba mai daɗi ba ne, kuma ba zan faɗi garin ba. Ƙaramin garin jami'a ne a tsakiyar Amurka. Layinmu akwai manyan gidajen ƙungiyoyin samarin turawa, kowace Asabar sai dai ka toshe kunne. Ina gani mota ke tsayawa, a yi magana da su a bakin ƙofa, a yi dariya, a wuce. Ranar da muka yi taron 'yan Afirka, mu da ba mu kai rabin yawansu ba, mota uku ta zo. Aka ce kowa ya fito da katin shaida. Wata yarinya sabuwar zuwa ta fashe da kuka, a zatonta gida za a mayar da ita.

Ban ce kowane ɗan sanda haka yake ba, wanda ya rubuta takardar ma da ladabi ya yi min magana. Amma mota uku na gani da idona. Takardar kuma ba ta biyan kuɗi ta waya ba ce, ranar zuwa kotu aka rubuta a jiki. Makonnin da na yi kafin ranar ban yi barcin kirki ba. Lauyan da ke taimakon ɗalibai kyauta ne ya tsaya min aka mayar da shi tara zalla.

'Yar Zazzau:

Allah ya kyauta. Wannan na kotun shi nake so a tsaya a kai, domin na yi aikin ɗalibai a ofishin baƙi na makarantarmu, kuma nan yaranmu ke faɗawa rami. Ni ba lauya ba ce, abin da na gani nake faɗa. A Amurka dokar hayaniya ta kowane gari ce, ba ta ƙasa ba. Wani garin yana ɗaukar ta kamar tarar ajiye mota ba daidai ba, ka biya shi ke nan. Wani garin kuma ƙaramin laifi ne da ke shiga kundin kotu, kuma biyan kuɗin tamkar amsa laifi ne. Ɗan ƙasa zai iya yin dariya ya biya. Kai mai bizar karatu, duk ranar da za ka sake cike fom ɗin neman biza na DS-160 akwai tambayar ko an taɓa kama ka ko an same ka da wani laifi. Kun kuma ga abin da ya faru a watan Afrilun 2025, lokacin da aka soke rajistar dubban ɗalibai baƙi a SEVIS, kundin da gwamnati ke rubuta ɗalibai baƙi a ciki, bayan an binciki sunayensu a kundin 'yan sanda, wasu kan ƙananan abubuwa, har da waɗanda aka riga aka kori ƙararsu. An maido musu da rajistar daga baya bayan an yi ta shari'a, amma wa ke son shiga wannan fargaba?

Don haka kafin ka biya ko sisi, kai takardar ofishin lauyan ɗalibai in makarantarku na da shi. Sannan ku kula da baƙin da ba ku gayyata ba. Shekarun shan giya 21 ne a can. In abokin abokinka ya shigo da kwalba a jaka aka samu ɗan shekara 19 na sha a falonka, garuruwa da yawa mai masauki suke kamawa, ko da shi ruwa yake sha.

Ɗan Fagge a Ingila:

Mu a nan ba 'yan sanda ne kan gaba ba, ƙaramar hukuma ce. Namu ma ba biki ba ne, azumi ne. Lokacin da Ramadan ke faɗowa tsakiyar bazara, buɗa baki sai bayan 9 na dare, a dawo daga tarawihi sha biyu ta gota, sahur kafin ƙarfe 3. Gidanmu ne matattara. Ana jajjage, ana wanke tukwane, ana gardamar siyasar Kano. Gidajen nan kuwa a manne suke, in maƙwabci ya yi tari kana ji.

Wasiƙa ce ta fara zuwa, cewa an kai ƙara kuma an ba maƙwabcin takardar da zai riƙa rubuta rana da lokaci. In ba a daina ba, sai takardar umarnin dakatarwa ƙarƙashin dokar kare muhalli ta 1990. Karya wannan umarni laifi ne na kotu, kuma suna da ikon kwashe sifika da duk abin da ke ba da sauti. Mu ba a kai can ba. Muka daina amfani da injin markaɗe bayan 11, muka mayar da hira ɗakin da ba ya jikin bangonsa. Amma kwafin wasiƙar ya je wa mai gida, shi kuma da lokacin sabunta haya ya yi ya ce yana da wasu.

Kada dai wani ya ji na ce ƙaramar hukuma ya saki jiki. A Bristol jami'a ce da kanta ke biyan kuɗin sintirin 'yan sanda da dare a unguwannin ɗalibai. A Notingham kuma, Oktoban 2020, ɗalibai huɗu a unguwar Lenton an ci kowannensu tarar fam 10,000 kan taron gida, ko da yake wannan dokar korona ce ba ta hayaniya ba.

Injiniya SLO:

Na zo a makare. A San Luis Obispo ta Kalifoniya, daga 10 na dare zuwa 7 na safe, in sautinka ya tsallake iyakar gidanka, ka karya doka; da rana kuma, in ana jin sa daga nisan ƙafa 50. Wajen mita 15 ke nan, ku auna ku ga ƙanƙantarsa. Sau da yawa ɗalibai ne 'yan uwanka da ke aiki da ofishin 'yan sanda suke fara zuwa su ba ka katin gargaɗi. Mu shi muka samu, muka kiyaye. Bayan gargaɗi tara ce: dala 350, sai 700, sai 1,000. Akwai kuma ranakun da gari ke ninka tara, kamar farkon zangon karatu da ƙarshen Oktoba da tsakiyar Maris. Sun ƙara tsanantawa ne bayan Maris ɗin 2015, da ɗalibai suka hau rufin wani gareji da asuba ana shagali ya rufta da su. Sakatare, ka sa yaran su duba shafin garinsu ko Sallah ta faɗa cikin irin waɗannan ranaku.

Sakataren ƙungiya:

Na gode ƙwarai. Tambaya ɗaya da wani yaro ya turo min a ɓoye: in sun ƙwanƙwasa, dole ne a buɗe?

Ba Na Son Suna:

Abin da lauyan ya ce min: a Amurka ba su da ikon shiga gida sai da takardar alƙali, ko da izininka, ko in akwai alamar wani na cikin haɗari. Amma kashe fitila a yi lamo ba ya hana a ci tara, ɓata musu rai kawai yake yi. Mutum ɗaya wanda sunansa ke kan takardar haya ya fita, ya ja ƙofa a bayansa, hannunsa a fili, a kashe sauti tun kafin ya buɗe. Kada ya yi gardama, kada ya ce a gidanmu haka muke yi. Kuma don Allah a ja wa sababbin zuwa kunne, kada wani ya kuskura ya sa hannu aljihu da sunan na goro. A can wannan shi ne laifin da zai sa a kwana a ofishinsu.