Korda ko Rank: wa ya tsayar da fim ɗin Ingila da ƙafarsa?

Ɗan Fagge: Jama'a, ina nan a kan bakana: Alexander Korda ne uban masana'antar fim ta Ingila. Baƙo ne daga Hungary, ya kafa London Films a 1932, da shekara ta zagayo ya saki The Private Life of Henry VIII. Amurkawa suka yi tururuwar kallo, jarumin fim ɗin Charles Laughton ya ci kyautar Oscar. A 1942 aka ba shi lambar Sir, ya riga duk wani furodusa.

Malam Na-Zariya: Da kuɗin wa, ƙanena? Kamfanin inshora na Prudential ne ya zuba dukiya aka gina masa sutudiyon Denham, aka buɗe a 1936, kafin yaƙi ya ɓarke wurin ya kuɓuce masa. Bayan yaƙi gwamnati ta ranta wa kamfaninsa na fim, British Lion, fam miliyan 3, a 1954 kamfanin ya durƙushe. Iya baki ne da shi, ya san yadda ake sa mai kuɗi ya buɗe aljihu.

Maman Amira: Malam ya faɗi gaskiya. Ni wajen J. Arthur Rank na karkata. Ɗan attajirin fulawa ne, mai koyar da yara a cocin Methodist, wa'azi ne ma ya kawo shi harkar. Amma ya gane fim ba ya cin kasuwa in ba ka da inda za ka haska shi. Zuwa 1941 gidajen silima na Odeon da Gaumont-British suna hannunsa, ga sutudiyon Pinewood. Sai ya ba masu shirya fim irin su David Lean da Powell da Pressburger kuɗi, ya sakar musu mara. Daga nan Brief Encounter da The Red Shoes suka fito.

Ɗan Fagge: Hajiya, ai shi ma ya sha ƙasa. Shirya fim ɗinsa Caesar and Cleopatra ya cinye sama da fam miliyan 1 a 1945, a 1949 kuma bashin kamfaninsa ya kai wajen fam miliyan 16. In asara laifi ce, su biyun ɗanjuma ne da ɗanjummai.

Maman Amira: A'a, bi dalili. A 1947 gwamnati ta ƙaƙaba harajin kashi 75 cikin ɗari a kan finafinan Amurka, Hollywood ta yi fushi ta daina aikowa. Rank ya tashi haiƙan don cike gurbin. A 1948 aka janye harajin, finafinan da aka tara suka kwararo lokaci guda, nasa suka rasa masu kallo.

Baffa: 'Ya'yana, kun bar furodusa Michael Balcon a baya. Shi ya fara ba shahararren darakta Alfred Hitchcock aikin ba da umarni, ya riƙe ƙaramin sutudiyon Ealing tun 1938 har aka sayar wa BBC a 1955. Can aka yi Kind Hearts and Coronets, inda Alec Guinness shi kaɗai ya fito a mutum takwas. Korda kuwa ina da ƙorafi a kansa: Sanders of the River na 1935, labarin a Najeriya aka ajiye shi, yabon Turawan mulki ne tsagwaronsa. Paul Robeson da ya fito a sarki ya barranta da fim ɗin daga baya.

Maman Amira: Baffa, finafinan Ealing ɗin ma ai Rank ne ya riƙa rarraba su.

Ɗan Fagge: Na ji zancen Sanders, Baffa, ba zan kare shi ba. Amma wani ya kawo mini fim ɗin Rank da ya kamo ƙafar The Third Man da Korda ya fitar a 1949, sannan mu ci gaba.