Ciwon saman ciki bayan cin abinci

Tambaya:
Assalamu alaikum. Kusan mako 3 ke nan, da zarar na ci abinci sai in ji zafi a saman cikina, daidai ƙasan ƙirji, wani lokaci har da kumburi da gyatsa mai tsami. Me ke jawo wannan?

Amsa ta 1:
Wa alaikumus salam, Allah ya sawwaƙe. Bayaninki ya yi kama da gyambon ciki ko ƙwannafi. Yawanci ƙwayar cutar H. pylori ce ke haddasa gyambon, ko kuma yawan shan magungunan kashe zafi irin su ibuprofen da asfirin, waɗanda ke raunana fatar da ke kare tumbi.

Amsa ta 2:
Ki lura da gurbin ciwon sosai. Idan a dama yake, ƙarƙashin haƙarƙari, yana tasowa bayan abinci mai maiƙo kuma yana harbawa zuwa kafaɗa, to ana zargin tsakuwar matsarmama, wadda hoton ciki ke nunawa. Mahaifiyata ta daɗe tana shan maganin olsa a banza kafin a gano hakan.

Amsa ta 3:
Don Allah idan kika ga baƙin bayan gida ko aman jini, ki garzaya asibiti nan take.